Yadda ƙaramin reshen ƙungiyar sa-kai ke samun yafewar haraji a Amurka, da yadda yake rasa ta

A Amurka, aikin sa-kai kaɗai ba ya ɗauke wa ƙungiya haraji. Ko da babu mamba ɗaya da ke karɓar albashi, ko da duk abin da aka tara ya tafi ga marayu, sai ƙungiyar ta cika sharuɗɗan da dokar haraji ta tarayya ta gindaya, kuma a mafi yawan lokuta sai hukumar tara haraji ta ƙasar, wadda ake kira IRS, ta ba ta takardar shaida. Batun ya shafe mu saboda ƴan Nijar mazauna Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, da New York, da wasu birane, suna da ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya ko yanki ɗaya, wasu da rassa a birane biyu ko uku, suna tara kuɗi don gina aji, ko haƙa rijiya, ko sayen magani ga gidan likita na ƙauye. Idan takardunsu suka lalace a can, a nan ake fara ganin aikin ya tsaya.

Duk inda aka ce dala a cikin wannan bayani, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba.

Rajista daban, yafewa daban

Mai karatu da ya taɓa kafa ƙungiya a Maraɗi ko Damagaram ya san cewa izinin da ma'aikatar cikin gida ke bayarwa a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984 abu ɗaya ne, samun a ɗauke maka kuɗin duwan ko haraji a kan kayan agaji kuma wani dosiye ne daban. Haka abin yake a Amurka, sai dai hukumomin biyu ma ba na gwamnati ɗaya ba ne. Jiha ce ke yi wa ƙungiya rajista a matsayin wadda ba ta neman riba. Gwamnatin tarayya, ta hannun IRS, ita ke cewa an yafe mata harajin kuɗin shiga. Takardar jiha ba ta isa hujja a gaban IRS.

Matsayin da kowa ke nema shi ne wanda ke ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na kundin haraji. An tanade shi ga ƙungiyoyin addini, da na jinƙai, da na ilimi, da na kimiyya, da na adabi, da masu hana cin zalin yara ko dabbobi, da wasu kaɗan. Amfaninsa biyu ne. Ƙungiya ba ta biyan harajin tarayya a kan abin da ta samu ta hanyar aikinta. Na biyun kuma, wanda shi ne ya fi jan hankali, duk wanda ya ba ta kyauta yana iya cire adadin daga kuɗin da za a lissafa masa haraji a kai. Saboda wannan ne kamfanoni da gidauniyoyi ba sa ko sauraron ƙungiyar da ba ta da takardar. A da, masu lissafa kashe-kashensu ɗaya bayan ɗaya ne galibi ke cin wannan moriya, kuma yawancin ƙananan ma'aikata ba sa yin haka. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yulin 2025 ta buɗe ƙofa: daga shekarar haraji ta 2026, wanda ba ya wannan lissafi ma yana iya cire kyautar tsabar kuɗi har dala 1,000, ma'aurata masu cika takarda tare kuma dala 2,000.

Reshe iri uku, da na huɗun da ke shiga matsala

Kalmar reshe ba ta da ma'ana ɗaya a wurin IRS, kuma daga nan yawancin ruɗani ke tasowa.

Akwai reshen da bai wuce hannun uwar ƙungiya ba. Ba shi da dokokin kansa, ba shi da lambar haraji tasa, kuɗin da ya tara na uwa ne, suna shiga littafinta, ita ke ba da rahotonsu. Irin wannan ba ya neman komai daga IRS, domin a idon doka shi da uwar abu ɗaya ne. Farashin wannan sauƙi shi ne ba shi da ikon cewa kuɗin nasa ne.

Akwai kuma reshen da ke da dokokinsa, da biro nasa, da asusunsa a banki, amma uwa ta sa shi cikin takardar yafewa ta rukuni. Wannan tsari, wanda aka daɗe ana tafiyar da shi bisa ƙa'idar da IRS ta fitar a 1980, yana ba uwar ƙungiya damar neman yafewa sau ɗaya domin rassanta duka, idan suna da alaƙa da ita kuma tana sa musu ido ko tana da iko a kansu. Reshe yana ba da yardarsa a rubuce, uwa tana aika wa IRS sabon jeri kowace shekara, ta ƙara waɗanda suka shigo, ta cire waɗanda suka fita. Ana ba rukunin lamba mai alƙaluma huɗu. A tsakiyar 2020 IRS ta dakatar da karɓar sabbin buƙatun rukuni domin ta sake fasalin ƙa'idar, amma uwayen da suka riga suka sami takarda sun ci gaba da ƙara rassa. Ƙa'idar 1980 ɗin ba ta yarda a sa reshen da aka kafa kuma yake aiki a wata ƙasa cikin rukuni ba, don haka kwamitin da ke Tawa ko Yamai ba ya shiga inuwar uwar da ke Amurka ta wannan hanya.

Na uku shi ne reshen da ya nemi takardarsa da kansa, yana ɗauke da sunan uwa bisa yarjejeniya amma a gaban hukuma yana tsaye da ƙafarsa.

Na huɗun ba ya cikin doka, amma shi ya fi yawa. Mutane goma sha biyar ne a wani birni suka ɗauki sunan uwa da tambarinta, suka buɗe asusu, suka fara karɓar gudummawa suna cewa ai muna da takarda, alhali babu wanda ya taɓa sa sunansu a jerin da ake aika wa IRS. Takardar uwa ba gado ba ce da ke sauka kan ɗa don kawai suna ɗaya. Sabon ma'aji, ranar da aka miƙa masa littafi, tambayar da ya kamata ya fara yi wa uwar ƙungiya a rubuce ita ce: a cikin ukun nan, wanne ne mu, kuma ina shaidar?

Duk reshen da ke tsaye da kansa, ko a cikin rukuni ko a waje, sai ya mallaki lambar haraji tasa mai alƙaluma tara, wadda ake kira EIN. Kyauta IRS ke ba da ita, ta intanet ko ta takarda mai lamba SS-4, duk da cewa akwai shafukan da ke karɓar kuɗi su nemo wa mutum. Mallakar lambar ba yafewa ba ce, shagon sayar da taya ma yana da ita. Buɗe asusun ƙungiya da lambar shaidar wani mamba kuwa kuskure ne da ke mai da kuɗin jama'a tamkar na mutum ɗaya a idon banki da hukuma.

Abin da dokokin ƙungiya za su ƙunsa

IRS na duba abu biyu: abin da aka rubuta, da abin da ake yi. A rubuce, dole takardar kafa ƙungiya ta taƙaita manufarta ga ayyukan da sashen ya amince da su, kuma ta faɗi inda dukiya za ta tafi idan ƙungiya ta rushe. Dole ta tafi ga wata ƙungiyar jinƙai mai irin wannan matsayi ko ga hukuma domin amfanin jama'a. Dokar da ta ce idan an watse za a raba abin da ya rage tsakanin mambobi, kamar yadda aka saba a adashi, ta isa ta kashe dosiye.

A aikace, ba a yarda dukiyar ƙungiya ta zama riba ga shugabanni ko danginsu ba. Mayar wa mamba kuɗin man da ya kashe a hidimar ƙungiya halal ne idan akwai resi. Ba shugaba rance daga asusu don ya biya hayar gidansa, ko ba ƙanen ma'aji kwangila a farashin da ya wuce na kasuwa, shi ne irin abin da ake hukuntawa. Sai siyasa. Tun 1954, bisa gyaran da Lyndon Johnson ya gabatar lokacin yana ɗan majalisar dattawa, an haramta wa irin waɗannan ƙungiyoyi goyon baya ko adawa da ɗan takara. Lauyoyin wannan fanni suna ɗaukar haramcin ya haɗa da zaɓen wasu ƙasashe, saboda haka mamba na iya yin siyasarsa da sunansa, amma shafin ƙungiya da asusunta da taronta su tsaya a gefe. Neman a sauya wata doka an yarda da shi, muddin bai zama babban ɓangare na aikin ba.

Asusun gawa

Nan ne ƙungiyoyin baƙi suka fi yin tuntuɓe, kuma ba don mugun nufi ba. Abin da ya fara haɗa ƴan gari a ƙasar waje, kafin a zo maganar rijiya, shi ne tsoron mutuwa a baƙon wuri. Ana karo-karo kowane wata, idan mamba ya rasu a biya kuɗin jana'iza ko na kai gawa gida, idan an yi haihuwa ko aure a ba da wani abu. A wurinmu babu aikin alheri da ya fi wannan. A wurin IRS kuwa wannan taimakon kai da kai ne: ka zuba don a ba ka, kuma wanda bai zuba ba ba shi da haƙƙi. Jinƙai a ma'anar sashen 501(c)(3) yana nufin amfanin ya tafi ga jama'a ko ga mabukata saboda bukatarsu, ba saboda sun biya kuɗin wata ba.

An gwada wannan a kotu. A 2020 kotun haraji ta Amurka ta goyi bayan IRS a kan wata ƙungiyar dattawa ƴan asalin Koriya da ke New York, wadda babban aikinta shi ne karɓar kuɗi daga mambobi da biyan kuɗin jana'iza idan ɗayansu ya rasu. Kasancewar mambobin tsofaffi ne bai cece ta ba, ta rasa matsayin.

Mafita ita ce a raba tukunya biyu. Asusun mambobi ya zauna daban da dokokinsa, kuma kada a ba kowa resin da ke cewa zubinsa kyauta ce da za a cire daga haraji. Aikin jinƙai na gaske, wanda ke amfanar mutanen da ba mambobi ba, shi ake nema wa 501(c)(3). Kundin yana da wasu sassan: 501(c)(7) na ƙungiyoyin zumunci da nishaɗi ne, 501(c)(4) na masu aikin kyautata rayuwar al'umma, waɗanda dole su sanar da IRS cikin kwana 60 da kafuwa. Waɗannan ma ba sa biyan harajin kuɗin shiga a kan aikinsu, amma mai ba su kyauta ba ya cire komai. Wanne ya dace da asusun mambobi, ko ma babu wanda ya dace, tambaya ce da ta cancanci a biya lauya ko akanta na awa ɗaya kafin a cika kowace takarda.

Neman takardar

Ga reshen da zai tsaya da kansa, hanya biyu ce, duka ta intanet. Cikakkiyar takarda mai lamba 1023 tana neman bayanin ayyuka dalla-dalla, da lissafin kuɗi na shekaru, da kofin dokoki, kuɗinta dala 600, kuma amsa na iya ɗaukar watanni. Tun Yulin 2014 akwai gajeriya, 1023-EZ, ta dala 275, wajen jika 160 ke nan a kuɗinmu gwargwadon canji. An yi ta ne domin ƙananan ƙungiyoyi: waɗanda abin da ke shigo musu bai wuce dala 50,000 ba a kowace shekara cikin uku da suka gabata, ba sa kuma tsammanin zai wuce haka a uku masu zuwa, kuma dukiyarsu duka ba ta haura dala 250,000 ba. Ƙungiyar da aka kafa bisa dokar wata ƙasa, ko wadda adireshinta ke waje, ba ta amfani da ita. Haka makarantu da asibitoci da wuraren ibada.

Sauƙin gajeriyar takardar yana da tarko. Ba a neman ka haɗa da dokokinka, rantsuwa kawai kake yi cewa sun cika sharaɗi. Ofishin da ke kare haƙƙin masu biyan haraji a cikin IRS ya duba wani samfuri a 2015, ya tarar kashi 37 cikin ɗari na ƙungiyoyin da aka amince da su ta wannan hanya takardun kafuwarsu ba su cika sharaɗin ba. Amincewar da aka samu a kan rantsuwar da ba daidai ba tana iya rushewa ranar da aka zo bincike, don haka a gyara dokokin kafin a danna maɓallin aikawa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Idan an nema cikin wata 27 daga ƙarshen watan da aka kafa ƙungiya, yafewar na komawa baya har ranar kafuwa, kyaututtukan farko duka su shiga. Idan an wuce, a ƙa'ida daga ranar neman take farawa.

Akwai waɗanda doka ta ɗauke wa neman takardar gaba ɗaya. Masallatai da coci-coci da sauran wuraren ibada suna ciki. Ƙungiyar ƴan gari da ke taro a harabar masallaci bayan sallar la'asar ba ta zama masallaci da wannan ba. Sai ƙungiyar da abin da ke shigo mata a shekara bai saba wuce dala 5,000 ba: idan ta cika sauran sharuɗɗa, ana ɗaukarta a matsayin wadda aka yafe wa ko ba ta nema ba. Da yawa duk da haka suna nema, domin mai ba da kyauta yana son ya ga takarda. Reshen da bai shirya wa wannan duka ba yana iya shiga ƙarƙashin wata ƙungiya mai takarda ta riƙe masa kuɗi ta kula da lissafi, bisa yarjejeniya a rubuce, ita kuma ta cire wani kaso, galibi tsakanin biyar da goma cikin ɗari.

Shekara uku na shiru

Samun takarda ya fi riƙe ta sauƙi. Kafin 2006, ƙananan ƙungiyoyi ba sa ba IRS rahoton komai. Dokar da majalisa ta zartar a wannan shekara ta sauya haka: kusan kowace ƙungiya sai ta yi magana sau ɗaya a shekara, kuma wadda ta yi shiru shekara uku a jere ta rasa matsayinta kai tsaye, ba tare da wani ma'aikaci ya yanke hukunci ba. A watan Yunin 2011 IRS ta wallafa jerin farko, ƙungiyoyi kusan 275,000. Da yawansu sun riga sun mutu, amma akwai masu rai da ba su ma san an sauya doka ba.

Abin takaicin shi ne ƙanƙantar abin da ake nema. Ƙungiyar da kuɗin shigarta bai saba wuce dala 50,000 ba tana cika 990-N ne kawai, a intanet, kyauta. Tambayoyi takwas ne: lambar EIN, shekarar lissafi, suna da adireshi, wasu sunayen da ake amfani da su, suna da adireshin babban jami'i, shafin intanet idan akwai, tabbacin cewa kuɗin bai wuce iyaka ba, da sanarwa idan an rufe ƙungiyar. Ko adadin kuɗin ba a tambaya. Wa'adin shi ne ranar 15 ga wata na biyar bayan rufe shekarar lissafi, wato 15 ga Mayu ga mai rufewa a Disamba. Ƙungiyar da ta wuce wannan mataki amma kuɗin shigarta bai kai dala 200,000 ba kuma dukiyarta ba ta kai 500,000 ba tana cika 990-EZ, wadda ta fi haka kuma cikakkiyar 990. Waɗannan biyun akwai tara ta kowace rana idan an makara. 990-N babu tara, kuma wataƙila shi ya sa ake raina ta. Har ƙungiyar nan ta ƙasa da dala 5,000, wadda ba ta taɓa neman takarda ba, wannan wajibi yana kanta.

Reshen da ke cikin rukuni ma bai tsira ba. Sai dai idan uwa na cika rahoton rukuni da sunansa a ciki bisa izininsa, shi zai cika nasa. Sau da yawa reshe na zaton uwa na yi, uwa na zaton reshe na yi. A ce reshe mai rufe shekara a Disamba bai cika na 2022 da 2023 da 2024 ba: ranar 15 ga Mayun 2025 matsayinsa ya faɗi. Tun 2019 doka ta wajabta wa IRS ta aika gargaɗi bayan shekara biyu na shiru, amma wasiƙar na zuwa adireshin da ke cikin rajista, wanda a ƙungiyar sa-kai galibi gidan tsohon magatakarda ne da ya ƙaura zuwa wata jiha ko ya dawo gida. Akwai takarda mai lamba 8822-B ta sauya adireshi da sunan mai alhaki, kuma ya kamata cika ta ya zama aikin farko bayan kowane zaɓen biro.

Idan matsayi ya faɗi, sunan reshe na shiga jerin da kowa ke iya gani a shafin IRS, masu ba da kyauta sun daina cirewa, kuma reshen ya koma cikin masu cika takardar haraji irin ta kamfani. Uwa ba ta iya gyara wannan ta hanyar sake rubuta sunansa a jerinta. Shi da kansa zai nemi a maido masa, ya biya kuɗin nema, ko da a farko bai taɓa bukatar nema ba. Ƙaramar ƙungiyar da wannan ne karonta na farko, idan ta nema cikin wata 15 daga ranar wasiƙar sokewa ko ranar da aka wallafa sunanta, ana maido mata har baya ta hanya mai sauƙi. Bayan haka sai ta kawo uzuri mai ƙarfi, kuma rashin sani kaɗai ba kasafai yake wadatarwa ba.

Jiha, resi da sana'a

Takardar IRS ba ta rufe bakin jiha. Kimanin jihohi 40 na neman ƙungiya ta yi rajista kafin ta roƙi jama'a gudummawa. A New York ofishin babban lauyan jiha ne ke kula da wannan. Harajin saye da sayarwa ma na jiha ne, kowace da tsarinta: a Karolina ta Arewa ƙungiya na biya a kanti, sannan ta nemi a mayar mata sau biyu a shekara. A Kalifoniya, ƙungiyar da ta yi rajista a matsayin kamfani mara riba amma ba ta nemi yafewar jihar ba tana iya tarar da bashin dala 800 na kowace shekara.

Kyautar da ta kai dala 250 sai da shaida a rubuce daga ƙungiya kafin mai bayarwa ya cire ta. Idan an sayar da tikitin cin abinci sama da dala 75, dole a gaya wa mai saye nawa ne kuɗin abincin, domin ragowar kaɗai ce kyauta. Lokacin da ɗan sa-kai ya bayar ba a cire shi ko nawa ne darajarsa, amma tafiyar da ya yi da motarsa ana lissafa ta santi 14 a kowane mil. Idan reshe na wata sana'a a kai a kai da ba ta da alaƙa da manufarsa, kuma ta kawo dala 1,000 ko fiye a shekara, akwai haraji a kan ribar. Sai dai doka ta ware sana'ar da ƴan sa-kai ke yin kusan dukkan aikinta kyauta, da sayar da kayan da aka ba da sadaka, saboda haka matan reshe da ke dafa abinci su sayar ranar bikin sallah ba su da abin damuwa ta wannan gefe.

Kuɗin da ake turowa gida

Wannan ne ɓangaren da ya shafi kwamitocin da ke karɓa a nan. Dokar Amurka ba ta yarda mutum ya cire kyautar da ya ba ƙungiyar wata ƙasa kai tsaye ba, in ban da wasu keɓantattun yarjejeniyoyi da Kanada da Meziko da Isra'ila. Ƙungiyar da aka kafa a Amurka kuwa tana iya kashe kuɗinta a Nijar, kuma mai ba ta kyauta ya cire. Sharaɗin, wanda IRS ta bayyana a hukunce-hukuncenta na 1963 da 1966, shi ne kada ƙungiyar ta zama bututu kawai. Dole biro ɗinta ya duba aikin, ya amince da shi a zaman da aka rubuta, ya riƙe ikon ƙin bayarwa ko janye kuɗin, sannan ya bi sawun yadda aka kashe. Kuɗin da mamba ya zuba da sharaɗin a miƙa wa mahaifiyarsa, ko a biya wa ɗan ƙanensa makaranta, aike ne na iyali ko da ya bi ta asusun ƙungiya, kuma ba shi resin kyauta na jefa reshen duka cikin haɗari. Kafin a tura kuɗi, ana kuma duba sunan mai karɓa a jerin takunkumi na ma'aikatar kuɗin Amurka, abin da bankuna ke tsananta wa a kan yankin Sahel.

Shi ya sa idan ƴan'uwa na can suka nemi kwamitin gari ya aiko da takardar buƙata mai ɗauke da farashin siminti da ƙarfe, da resin kowane saye, da hoton aikin kafin a fara da bayan an gama, da sa hannun mutum biyu ko uku, bai kamata a ɗauke shi rashin yarda ba. Abin da za su ajiye ne a dosiye, domin doka ta ba kowa damar neman ganin takardar neman yafewarsu da rahotanninsu na shekara uku na baya, IRS kuma na iya neman sauran. Kwamitin da ke da izininsa na hukuma a nan, da asusu a banki da sunan ƙungiya maimakon lambar salular shugaba, ya fi sauƙin a tura masa. Wanda ke son tabbatar da ƙungiyar da ta yi masa alkawari kuma, ya nemi lambarta ta EIN ya shigar a wurin binciken ƙungiyoyi na shafin IRS: zai ga rahotannin da ta cika da shekarunsu, zai kuma ga ko sunanta na cikin waɗanda aka soke. Reshen da ke cikin rukuni ba lallai sunansa ya fito a jerin masu karɓar kyauta ba, a nan sai a nemi wasiƙar tabbaci daga uwar ƙungiya mai ɗauke da lambar rukunin.